Inda Miran Ta Faɗi

Ranar Talata da ƙarfe goma na safe Pyo Miran ta faɗo daga kan tsani a cikin tankin jirgin ruwan da suke wa fenti. Kafin sha biyun rana an gama shawara cewa a banɗakin gidansu ta faɗi.

Tsanin bai fi tsayin mutum biyu ba. Doka ta ce duk wanda zai hau sai da mai riƙe masa a ƙasa, an ma rubuta haka da jan fenti a jikin tsanin. Mai riƙe mata mijinta ne, Ok Dalsu, kuma ya riƙe da hannu bibbiyu har na minti biyar. Sai wansa Mansu, mai ɗan kamfanin kwangilar da su biyun suke wa aiki, ya leƙo ta bakin tankin.

"Kai Dalsu, matar ce za ta gudu ko tsanin? Ƙato da kai ka tsaya kana rungumar ƙarfe, ga masu duba aiki suna zuwa ƙarfe biyu. Ɗauki burushi!"

Dalsu ya saki, ya ɗauki burushi. Bai yi taku huɗu ba ya ji ƙarar.

Dunduniyarta ta dama ce ta sauka a kan bakin wani ƙarfe mai tsatsa. Takalmin aikin ya tsage, naman ya buɗe, jini ya gauraya da fenti ruwan toka. Miran ba ta yi ihu ba, numfashin ne ya ƙi fita. Dalsu ya ciro waya zai kira motar asibitin filin ƙera jiragen, Mansu ya sauko ya fizge wayar ya jefa a aljihunsa.

"Hankalinka ɗaya kuwa? Motar nan ta shigo da jiniya, kafin ta tsaya an rubuta sunana a ofis."

A tsibirinmu ko ɗan firamare ya san abin da wannan ke nufi. Babban kamfani ne ke da filin da jiragen, ƙananan 'yan kwangila irin su Mansu ne ke da mutanen da ke hawa da sauka. Duk haɗarin da aka rubuta a kan ɗan kwangila ake ɗora shi, kuma a watan Nuwamba ake zaɓen waɗanda za a ci gaba da su. A ƙofar ofishin Mansu akwai allo mai cewa kwana ɗari tara da arba'in da ɗaya ba a yi haɗari ba. Allon bai yi ƙarya ba, tunda abin da aka rubuta kaɗai yake ƙirgawa.

Aka naɗe ƙafar da tsumman goge fenti, aka kwantar da Miran a bayan a-kori-kura tsakanin gwangwanaye, aka ja tamfol aka rufe ta. A bakin ƙofa Mansu ya miƙa hannu ta taga ya buga katinsa, ya buga na ƙanensa, ya buga nata. Na'ura ta shaida cewa Pyo Miran ta fita ƙarfe goma da minti ashirin. Mai gadi bai ko ɗago kai ba.

Gida aka fara zuwa, don ba a kai mutum asibiti da kayan aiki a jikinsa. Surukarta, wadda kowa ke kira Mama, ita ta buɗe ƙofa. Shekara tara ke nan tana zaune wurin Dalsu, saboda matar Mansu ba ta jure hayaniya. Ta dubi ƙafar, ta dubi babban ɗanta, ba ta yi tambaya ko ɗaya ba. Ta tuɓe wa Miran riga da wandon aiki, ta goge mata fentin wuya da kananzir, ta sa mata doguwar rigar zaman gida, ta kawo silifa guda na banɗaki ta zura mata a ƙafar hagu.

"Ki daure, Maman Dasom," in ji ta. "Wan mijinki ya san abin da yake yi."

Ɗan ƙaramin asibitin da ke bayan kasuwa ya san mutanen filin jiragen ruwa kamar yunwar cikinsa. Matar da ke karɓar marasa lafiya ta dubi rigar gidan, ta dubi fentin da ya rage a ƙarƙashin faratan Miran, ta jawo takarda.

"Hawan dutse, keke, ko banɗaki?"

"Banɗaki," in ji Mansu.

"Shugaba, banɗaki fa ya yi yawa wannan watan."

"Ba ta iya keke ba."

Miran ta sa hannu. Likita ya ɗauki hoto, ya ce ƙashin dunduniya ya fashe gida uku, ya tambaye ta me ya yanke ta haka. Ta juya ta dubi Dalsu. Dalsu yana karanta wata takarda a bango mai bayanin yadda ake wanke hannu. Ta ce tayil ɗin daɓen banɗaki ne. Likita ya ce to da sauƙi, tayil ba ya ɗaukar datti. Ya wanke bakin ciwon sama-sama, ya ɗinke, ya sa filasta mai tauri har gwiwa, ya ce ta kwanta sati shida ƙafa a sama.

Kwana biyu ta kwanta. Ran na uku Mansu ya zo da kwalin tuffa, Mama ta tura masa matashin zama mafi laushi a gidan, ya zauna ya gyara murya.

"Matar ƙanena, ke 'yar gida ce, ba zan ɓoye miki komai ba. Ma'aikaci ya wuce kwana uku bai buga kati ba, sai ofis ya fara tambaye-tambaye. Ba aiki za ki yi ba fa. Ki zo ki buga, ki zauna, ki sha kofi, yamma ta yi ki buga ki dawo. Wa ya taɓa samun irin wannan gata?"

"Yaya, likita ya ce ƙafa a sama."

"Akwai benci. Sai ki ɗora."

Daga ranar, kullum da safe Dalsu yakan goya ta a babur su bi sahun dubban ma'aikata masu kaya ruwan toka a kan babura. An samo mata wando mai faɗi da ya rufe filastar. Sandar dogarawa ba ta shiga fili, don mai sanda ana tambayarsa, saboda haka daga inda ake ajiye babura zuwa ƙofa sai ta rataya a kafaɗar mijinta tana ɗan murmushi. Masu gadi har tsokanarsu suke yi, wai tsofaffi sun koma amarci.

Wurin zamanta wata kwantena ce a bayan ma'ajin fenti, ba taga. Don kada ta ji kaɗaici aka ba ta buhun safar hannu ta riƙa haɗa dama da hagu. Ƙarfe takwas saura takan ji an taru a waje, a motsa jiki, sannan Mansu ya ɗaga murya ya ce lafiya gaba da komai, ma'aikata su amsa sau uku. Tana iya tsinto muryar mijinta a ciki. Dama can shi mai ƙarfin murya ne.

A kwana na takwas ƙafar ta fara zogi kamar ana buga mata guduma daga ciki. A na goma sha ɗaya yatsun suka kumbura suka yi duhu, wani wari ya fara fitowa ta bakin filastar. Da yamma suna cin abinci ta ajiye cokali.

"Baban Dasom, ka kai ni babban asibiti. Ka faɗa musu ƙarfe ne, ka faɗa musu akwai fenti a ciki."

"Bari Nuwamba ta wuce."

"Ita ƙafar ta san Nuwamba?"

Dalsu ya tashi ya ce zai sha taba a waje. Mama ta jawo kwanon kabejin yaji gabanta, ta ɗauki maganar daga inda ya yar.

"Marigayi uban mijinki yatsu biyu ya bari a filin nan. Ya naɗe hannun da safa, ya gama aikin ranar, bai taɓa kai sunan kowa ofis ba. Ku 'yan yanzu fatarku takarda. Mutum talatin da takwas ke ci a hannun Mansu, da matansu da 'ya'yansu. In aka ƙwace masa kwangila su ci me? Ke kaɗai ce mai ƙafa a tsibirin nan?"

Aka dai mayar da ita ɗan asibitin bayan kasuwa. Likita ya shinshina, ya ce ciwon tayil yakan ja lokaci ga mata masu shekarunta, ya canza mata ƙwayoyi. Ta buɗe baki za ta yi magana, Dalsu ya riga ta. Ya miƙe ya rusuna ya ce sun gode ƙwarai, ya kama hannunta suka fito.

Abin da ya fi ciwon cin ran Miran shi ne babu wanda ya tsane ta a cikinsu. Da ƙiyayya ce da ta san yadda za ta yi da ita. Matar Mansu tana aiko da romon ƙashin sa duk bayan kwana uku, tukunya guda, da saƙon cewa ƙashi da ƙashi ake gyara shi. Mansu ya sa an kai fanka kwantenar. Dalsu yakan jiƙa tawul ya ɗora mata a goshi idan zazzaɓi ya taso, ya zauna yana kallon ƙafar har idanunsa su ciko. Kowa yana tausayinta, kuma kowa ya san ranar da ya dace ta warke.

Bikin kaka ya faɗo a kwana na ashirin. Jajibirin ana suyar abincin da za a jera wa kakannin da suka rasu da safe, kuma a gidan da Mama take a nan ake yi. Matar Mansu ta bugo ta ce bayanta ya riƙe, za ta zo da 'ya'yan itace in an jima. Mama ta shimfiɗa jaridu a ƙasa, ta jona kaskon lantarki, ta jera kifi da nama da kabewa da kwanon ƙwai.

"A zaune ake suya," in ji ta. "Ba da ƙafa ake juya kifi ba."

Miran ta zauna tun ƙarfe takwas. Wajen sha ɗaya Mama ta buɗe tagogi duka, ta ɗauko baƙar leda ta zura ƙafar a ciki ta ɗaure a gwiwa, ta ce ba ta so wari ya shiga abincin marigayi. Miran ta ci gaba da tsoma kifi a gari, daga gari zuwa ƙwai, daga ƙwai zuwa kasko. Gumi na zuba, haƙoranta na haɗuwa don sanyi. Ƙarfe uku ta kife a gefe, cokalin juyi na hannunta.

Wannan karon an kira motar asibiti, kuma Mansu ne da kansa ya kira. Ta zo da jiniya, unguwa duk ta leƙo. Gida ba shi da allon ƙirga kwanaki.

A babban asibitin ƙetaren gada aka tsaga filastar, wata ma'aikaciyar jinya ta juya baya ta toshe hanci. Washegari likita, wata mace mai tabarau, ta zo bakin gadon da ɗan faranti. A ciki akwai ɓarɓashin tsatsa da wasu 'yan ɓawo ruwan toka.

"Malama Pyo, banɗakinku da fentin jirgin ruwa aka shafe shi?"

Miran ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, ta faɗi komai tun daga tsani har leda. Likita ta saurara ba ta katse ta ba. Ta ce da a satin farko aka faɗa, da ba a kai ga haka ba. An shiga da ita ɗakin tiyata sau biyu ana kankare ƙashin. A na uku aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Mansu ya zo ya durƙusa a gaban gadon ya yi kuka, kukan gaske, har da majina. Ya ce muddin yana numfashi ba za ta rasa komai ba, shi zai riƙe ta har ƙarshen ransa. Abu ɗaya yake roƙo, a bar maganar inda take, tunda tono ta ba zai dawo da ƙafa ba. Miran ta dubi sabon kwalin tuffar da ya ajiye. Ta ga sauran rayuwarta a jere, kwali bayan kwali, kowanne sai ta rusuna ta gode. Idan hukuma ta yarda a wurin aiki ta ji ciwo, ƙafar roba da magani haƙƙinta ne, ba alherin kowa ba. Ma'aikaciyar jinyar nan ta kawo mata takardar neman diyya, ta cike da hannunta. Shekara ashirin da uku da aure, ranar ce ta fara yin abin da ba a ce ta yi ba.

Bayan sati biyu wani jami'in hukumar mai suna Seol ya zo da jaka da rana tsaka. Mutum ne mai haƙuri, ya jera takardu a kan teburin cin abincin gadon ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Kati ya nuna ta fita fili ƙarfe goma da minti ashirin. Takardar ɗan asibiti ta ce banɗaki, ga sa hannunta a ƙasa. Kati ya sake nuna ta koma aiki bayan kwana biyu, tana zuwa kullum har hutun biki. Game da fenti, kamfani ya rubuto cewa duk mai aikin fenti da shi yake komawa gida a ƙafa. Tankin kuwa an rufe shi, jirgin ya bar tsibirin tun makon jiya.

"Ni ban ce kin yi ƙarya ba," in ji shi. "Amma takardu duk sun tsaya a gefe ɗaya. Kin ce mijinki yana wurin. Idan ya faɗi abin da ya gani, ya ishe ni in buɗe bincike."

Ya roƙi sauran su fita. Mama ta miƙe tana share ido da hankici. Mansu ya tsaya ya dafa kafaɗar ƙanensa.

"Ka faɗi gaskiya, ƙanena. Ni da Mama muna nan bakin ƙofa."

Dalsu ya zauna a bakin kujera, hularsa a hannu.

"Malam Ok Dalsu, kana wurin lokacin da ta faɗi?"

"Ina wurin."

"A ina ne?"

Miran ba ta roƙe shi ba. Ta dai kira shi sau ɗaya, a hankali, Baban Dasom. Ya dubi inda bargon ya kwanta shafal daga gwiwa zuwa ƙasa, ya daɗe yana kallo. Ta cikin gilashin ƙofa ana ganin inuwar mutum biyu, ɗaya dogo ɗaya gajere.

"A banɗaki ne," in ji shi. "Ni na ɗago ta."

Jami'in ya tuna masa cewa shaidar ƙarya laifi ce, ya sake tambaya. Dalsu ya sake faɗa, wannan karon muryar ta fi fita. Ya sa hannu, ya rusuna, ya riƙe wa jami'in ƙofa.

A Nuwamba aka sabunta wa Mansu kwangila. A Disamba aka sallami Miran, ta dawo gida da sanduna biyu.

Ba za a ce dangin ba su ɗauki darasi ba. Ta tarar an gyara banɗakin tsaf. An shimfiɗa tabarmar roba daga bango zuwa bango, an kafa ƙarfen riƙewa a gefe uku an shafe su da fenti rawaya, an canza ƙwan fitila. A jikin ƙofa an manna takarda da rubutun Mansu, a yi hattara akwai santsi. Ma'aikata biyu ya turo daga fili suka yi aikin a yini ɗaya, kuma an ce da ɗaya ya hau kujera zai ɗaura fitilar, sai da ɗayan ya riƙe masa.

Maƙwabta suka yi ta zuwa sannu. Mama takan kai kowa ya ga banɗakin kafin ya ga mara lafiya. Takan ce ita dama bakinta har ya gaji, kullum tana faɗa wa Maman Dasom ta riƙa goge ruwa in ta gama wanki, amma yaran yanzu ba sa ji. Matan su girgiza kai, su ce gida ma wurin hattara ne, su koma su sayi tabarmar roba. A haka ake yi a wurinmu. Mutum ya ji ciwo a fili, a kai ciwon gida a ajiye, iyali su zagaye shi su yi ta ba shi romo har ya zama nasu. Babban kamfani bai aiko kowa ya tsoratar da Miran ba, bai ma san da ita ba. Uwa da wa da miji sun isa.

Wata Lahadi da hantsi, baƙi sun tafi, Miran ta dogara sandunanta ta tsaya a ƙofar banɗakin. Dalsu yana zaune a ƙasa yana yanke farce.

"Baban Dasom, zo ka nuna mini inda na faɗi."

Ba wani abu mai yawa take nema ba. Takarda ta riga ta wuce, ƙafa ta riga ta tafi. So take ya sunkuyar da kai ya kasa magana, ko ya ce ki yafe mini, don ta san cewa a gidan nan akwai mutum ɗaya bayan ita da ya tuna tankin.

Dalsu ya ajiye abin yanke farcen, ya taso, ya leƙa ta saman kafaɗarta. Ya ɗan yi nazari.

"Nan ne, kusa da injin wanki. Kanki yana wajen ƙofa."

Daga kicin Mama ta ɗaga murya, wuƙa na ci gaba da sauka a kan katako.

"Ai ni ma na ji ƙarar. Ina nan ina yanka albasa."